Fosfet ɗinka ya tashi, amma dattinsa ya biyo shi

Wani matashin injiniya a nan Kaduna ya aiko mini da wannan tambaya: "Yallaɓai, an kawo mana buhu shida na ƙasar fosfet daga wajajen Dange a jihar Sakkwato. Gwaji ya nuna P2O5 kashi 17 cikin 100. Na niƙa ta duka, na zuba oleyik asid a injin kumfa na ɗakin gwaje-gwajenmu. Kumfa ta cika har tana zuba ƙasa, amma abin da ta kwaso bai wuce kashi 20 ba. Wane sinadari zan saya? Wani ɗan kasuwa ya ce yana da na musamman daga waje."

Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ɗan kasuwan nan bai ga ƙasarka ba, bai san ruwanka ba, to da me ya gane maganinsa zai yi maka? Cinikin biri a sama ke nan. A wannan sana'a dattin da ke tare da fosfet shi ke zaɓen sinadari, sai kuma ruwan da za a yi aikin da shi. P2O5 shi ne ma'aunin yawan fosfet, abin da ake yin takin zamani da shi, a cikin ƙasa. Kashi 17 na nufin fiye da rabin abin da ke cikin buhunka ba fosfet ba ne, kuma tambayarka ba ta ce uffan a kan wannan rabin ba.

Ga abin da ya faru a injinka, wanda aikinsa shi ne ya hura iska a cikin gari da ruwa don kumfa ta ɗago ma'adinin da ake so ta bar datti a ƙasa. Oleyik asid idan ya haɗu da soda sabulu ne kawai. Ƙwayarsa tana da kai da wutsiya: kan yana neman kalsiyam ya maƙale masa, wutsiyar kuwa mai ce, ba ta ga maciji da ruwa. Duk tsakuwar da sabulun ya lulluɓe sai ta ƙi jiƙa, ta manne wa ƙwayar iska, ta hau sama da kumfa. Afatait, wato ma'adinin fosfet ɗin, yana da kalsiyam. To amma kalsait, ma'adinin farar ƙasa, ma yana da shi, ɗan'uwansa dolomait yana da shi, jifsam da ake yin filasta da shi ma haka. Sabulu bai san ɗan gida da baƙo ba, duk inda ya ga kalsiyam sai ya kama. Yashi ba shi da kalsiyam, amma idan ruwan yana ɗauke da shi kuma pH ya hau (pH ma'aunin tsamin ruwa ne: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 ɓangaren soda), sai kalsiyam ɗin ya zauna a jikin yashin, sabulu ya bi shi, yashi ma ya tashi. Laka kuwa ba ta buƙatar a gayyace ta. Saboda tsabar laushi tana bin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin kumfa ta fito, kuma kafin ta fito ta riga ta shanye rabin sabulun. Kumfar da ka gani tana tumbatsa ba ta fashewa, galibi alamar laka ce.

Kafin mu je ga sinadari, ka san inda za ka. Masu yin takin zamani suna son dutse mai P2O5 kusan kashi 30 ko fiye, MgO (ma'aunin magniziyam) ƙasa da kashi 1, ƙarfe da alminiyam a haɗe kada su wuce kusan kashi 3, sannan idan an raba CaO (ma'aunin kalsiyam) da P2O5 kada amsar ta haura 1.6. Dalilin na ƙarshen nan kuɗi ne: kilo 100 na kalsait yana cinye kilo 98 na salfurik asid, bai ba ka ko ƙwayar taki ba. Kamfanin takin sufa na nan Kaduna, wanda ya fara aiki a 1976, da dutsen Togo ya riƙa aiki, dutsen da ke zuwa da kusan kashi 36. Kai kuma kada ka ce sai ka kai 40. Tsantsar afatait irin na dutsen wuta shi ke kaiwa kashi 42. Naka irin na kwancen tsohon teku ne, akwai kabonet, sinadarin da ke cikin farar ƙasa, a cikin ƙashin jikinsa, ko ka wanke shi tas ba zai kai can ba.

Wannan lissafi na CaO da P2O5 zai yi maka aiki tun yau. Ɗauko takardar gwajin da ke hannunka ka raba. Tsantsar afatait yana ba da 1.32. In ka ga 1.8 ko 2, to akwai kalsiyam da ba na fosfet ba, wato kalsait ko jifsam. Ka ɗiga ruwan haidirokulorik asid a kan garin: kalsait zai tafasa nan take da ƙara, dolomait a hankali yake yi. Sannan ka kai samfur a yi masa XRD, gwajin da ke faɗin ma'adinan da ke ciki, tare da XRF, mai faɗin yawan kowane sinadari. Ba sai ka bar gari ba, ɗakin gwaje-gwajen hukumar binciken ƙasa ta NGSA yana nan Kaduna, ga kuma hukumar binciken ma'adinan ƙarafa ta NSRMEA a Malali. Ka nemi CaO, MgO, SiO2 (yashi), ƙarfe, alminiyam, salfet, da nauyin da ke ɓacewa idan an ƙona.

Yanzu ga inda nake ganin ka yi babban kuskure: ka niƙa ta duka. Fosfet ɗin Dange ƙulalai ne da tsakuwoyi masu tauri a warwatse cikin laka mai laushi, akwai kuma jifsam a cikin wannan shimfiɗar ƙasa. Allah ya riga ya raba maka su, ɗaya mai tauri ɗaya mai narkewa a ruwa, kai kuma ka zuba su a injin niƙa ka mayar da su gari ɗaya. Matar da za ta rege shinkafa ba ta fara kai ta inji tare da tsakuwarta. Ɗebi kilo biyar daga buhun da ba ka taɓa ba, jiƙa shi a bokiti ya kwana, gobe ka cuɗa shi da ruwa kaɗan yadda tsakuwoyin za su goge juna, ka tace da rariya hawa-hawa: milimita 2, rabin milimita, maikuron 150, maikuron 38 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Auna nauyin kowane kashi, auna P2O5 ɗinsa. Ina kyautata zaton za ka tarar yawancin fosfet ɗin ya tsaya a manyan rariyoyi, lakar ta tafi da abin da bai taka kara ya karya ba. In haka ne, abin da kake buƙata durom mai juyawa ne da rariya da famfo, kuma maƙeran Panteka za su haɗa maka. 'Yan Togo ma a Kpémé da wanki da tacewa da busarwa suka daɗe suna samar da dutsensu. Aikin kumfa sai ga matsakaicin garin da ya rage, wanda ke tsakanin maikuron 38 da 200 ko makamancin haka, shi ma sai in fosfet ɗin da ke cikinsa ya kai a wahala dominsa.

To a ce ya kai. Idan dattin yashi ne, ka yi sa'a, hanyar a share take. Ka ɗaga pH zuwa 9 ko 9.5 da soda ash, wanda masu sayar da kayan haɗa sabulu ke da shi a kasuwa. Kada ka kuskura ka yi amfani da laim, wato ƙonanniyar farar ƙasa, don ya fi araha. A wajen masu zinariya abokin aiki ne, a nan kuwa kalsiyam za ka ƙara wa ruwan da hannunka. Soda ash jifan tsuntsu biyu yake yi, yana ɗaga pH yana kuma kwantar da kalsiyam ɗin ruwa. Wani zai ce ai kanwa ma danginsa ce. Haka ne, amma kowane dunƙule da irin gishirinsa da yashinsa, ba za ka san nawa ka zuba ba, don haka ka bar ta a kicin har ka gama gwaji. Bayan soda sai sodiyam siliket, giram 200 zuwa 500 a kowane tan don farawa, shi ke danne yashi ya kuma warwatsa ɓurɓushin lakar da ta rage. Sai sabulu, ka fara da giram 500 ka riƙa hawa zuwa 1,500. Sai ɗan dizal, wanda ke taimaka wa manyan ƙwayoyi su tashi kuma ya ladabtar da kumfa. Ba ka buƙatar wani sinadarin kawo kumfa daban, sabulu ya isa. Jerin nan ba a sauya shi: mai gyara pH, mai dannewa, sannan mai kamu. In ka fara zuba sabulu ya riga ya zauna a jikin yashi, siliket ba zai iya korar sa ba.

A Filorida ta Amurka haka ake yi tun da Arthur Crago ya yi rajistar dabararsa a 1942, sai dai su zagaye biyu suke yi. Na farko sabulu da man fetur mai nauyi su ɗago fosfet tare da ɗan lallausan yashi. Sai a wanke sabulun daga jikinsa da salfurik asid, a ɗauraye, a shiga zagaye na biyu da wani sinadarin kamu mai suna amin a pH kusan 7, inda yashin ne ke tashi fosfet ya kwanta. Amin yana da cajin da ke jan sa zuwa ga yashi, kuma kaɗan ake zubawa, giram 100 zuwa 300 a tan. Amma yana da tsada, daga waje ake kawo shi, kuma laka tana shanye shi fiye da yadda take shan sabulu. In zagaye ɗaya da sake mayar da abin da ya tashi cikin injin kumfa sau biyu ya kai ka kashi 30, manta da amin.

Idan kuwa dattin kalsait ne ko dolomait, nan ake yin ta. Shi da afatait kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai a idon sabulu, kuma da zarar sun shiga ruwa ɗaya kowanne yana ɗan narkewa yana shafa wa ɗan'uwansa jikinsa, kamannin ya ƙaru. Za ka karanta cewa a Barazil, tun daga ma'adinar Jacupiranga, suna danne kalsait da sitacin masara su ɗago afatait da sabulu a pH 10 ko sama. Gaskiya ne, amma nasu dutsen wuta ne, ƙwayoyinsa tsaf-tsaf masu santsi. Naka mai ramuka ne kamar soso, yana shan sabulu da yawa, kuma sitaci yakan danne shi tare da kalsait ɗin. Gwada shi ba laifi, tunda sitacin masara da na rogo suna nan birjik. A dama kashi huɗu na sitaci da kashi ɗaya na kostik soda har ya yi yauƙi ya washe kamar kokon da ya nuna, kuma a dama sabo kullum, na jiya ya riga ya saki. Sai dai kada ka ɗora ranka a kai.

Abin da ya fi yi wa irin dutsenka aiki shi ne a juya lamarin: a danne fosfet, a ɗago kabonet, wato kalsait da dolomait. Ana saukar da pH zuwa wajen 5 da fosforik asid, shi ne zai zauna a jikin afatait ya hana sabulu kama shi, kalsait da dolomait su tafi da kumfa. Haka ake cire dolomait a manyan ma'adinan Sin na lardunan Yunnan da Guizhou da Hubei. Salfurik asid ya fi araha kuma yana yi, domin yana narkar da ɗan afatait ya saki fosfet a ruwa, amma bai kai fosforik tsabtar aiki ba, shi ya sa da yawa suke gauraya su. A nan ba a maganar giram, kilo-kilo ake zubawa a kowane tan. Kuma kabonet yana cin asid ɗin kana tsaye, ka sa pH a 5 ka juya baya ka dawo ka tarar da shi a 6.5. Dole a riƙa ɗigawa a kai a kai, a kwashe kumfar da hanzari, a kuma maido da ruwan da aka yi aiki da shi tunda akwai sauran fosfet a ciki. In kabonet ɗin ya yi yawa ƙwarai, lissafin asid kaɗai zai kashe kasuwar. Akwai masu ƙona dutsen a zafin da ya kai digiri 900 su wanke laim ɗin da ya fito, amma ka san kuɗin makamashi a ƙasar nan.

Ƙarfe da alminiyam maganarsu gajeriya ce. In tsatsa ce a bayan ƙwaya, cuɗawa za ta goge ta. In ƙwayoyi ne masu zaman kansu, sitaci ko maganaɗisu mai ƙarfi. In kuwa XRD ya nuna fosfet ɗin kansa haɗe yake da alminiyam, kamar kirandalait, babu sinadarin kumfar da zai raba su, ko daga wace ƙasa aka kawo shi.

Bari in daɗe kaɗan a kan sabulun kansa, don nan ne za ka iya rage kuɗi. Manyan masana'antu ba sa amfani da tsantsar oleyik asid irin na kwalbar da ke kan teburinka. A Turai da Amurka man tol suke zubawa, rarar masana'antar takarda, a Barazil kuma man dusar shinkafa da na waken soya. Kowa da abin da ke kusa da shi. Mu a nan man gyada ya fi kowanne kama da abin da ake so, domin kusan rabinsa oleyik ne. Man waken soya da man angurya linoleyik ya fi yawa a cikinsu, suna kamu sosai, kumfarsu ta fi yawa. Manja kusan rabinsa falmitik ne, man kaɗanya kuwa siteyarik ya yi masa yawa, kuma waɗannan masu daskarewa ne. Siteyarik ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 69, oleyik kuwa a wajen 13 zuwa 16 ya zama ruwa. Sabulun man kaɗanya da ya yi maka abin kirki a watan Afrilu zai ba ka kunya da safiyar hunturu a Janairu, ka gan shi yana yawo ɓarɓashi-ɓarɓashi a saman ruwa bai kama komai ba. Man ƙwarar manja kuma kumfa ce zalla, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ni da zan zaɓa, ba ma man da ake miya da shi zan saya ba. Zan je wurin masu tace man gyada ko na waken soya in nemi dagwalon sabulun da ke fita lokacin da suke wanke man da soda. A wurinsu shara ce, a wurinka rabin aiki ne aka yi maka.

In da ɗanyen mai za ka yi, sai ka mayar da shi sabulu tukuna, domin mai haka kawai ba shi da kan da zai kama kalsiyam. Giram 100 na man gyada yana buƙatar kusan giram 14 na kostik soda. Narkar da sodar a ruwa, zuba a man, ɗora a wuta marar ƙarfi kana juyawa. Alamar ya nuna ita ce ka ɗiga shi a kofin ruwan ɗumi ya narke ba tare da idon mai ya taso ba. Ka sa safar hannu da tabarau, kostik ba ta da wasa, haka ma asid, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Sai ruwa. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Shekarun baya na yi wa wasu masu haƙar ma'adini gwaji a nan Kaduna da ruwan famfo, sakamako ya yi kyau, na rubuta rahoto ina hura hanci. Da aka kai aikin inda ƙasar take aka ja ruwan rijiyar burtsatse, ina tsaye sabulun ya tsinke ya zama fararen gudaji kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami, kumfa ta kwanta, aka ninka sabulu ba ta tashi ba. Kaduna a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, ruwanta galibi ba shi da kalsiyam da yawa. Sakkwato kuwa ƙasar farar ƙasa ce, ita ake haƙa a Kalambaina ana siminti. Ga kuma jifsam ɗin da ke cikin ƙasarka: lita ɗaya ta ruwa tana narkar da kusan giram biyu da rabi nasa, wato kalsiyam sama da miligiram 500, ko da kuwa da ruwan sama ka fara. Shi ya sa wanki da ɗauraya ba don laka kaɗai ba ne. Ka sa a kawo maka jarka biyu na ruwan wurin. Zuba shi rabin gora, zuba ruwan famfonka a wata gorar, ɗiga sabulu daidai wa daida, girgiza. Idonka zai faɗa maka kafin takardar gwaji ta fito.

Wajen gwajin kansa, giram 500 ya isa kowane zubi. Giram 1,000 a tan na nufin rabin giram ke nan, wato mililita 10 na sabulun da aka tsinka zuwa kashi 5 cikin 100. Ka cuɗa sinadaran da garin yana da kauri, ƙasa kashi 60 zuwa 70, na minti uku zuwa biyar, sannan ka ƙara ruwa ya koma kashi 25 zuwa 30 kafin ka buɗe iska. Da yawa daga matasanmu suna zuba sabulu a ruwa tsararo, ya tafi yawo bai gamu da tsakuwa ba, su ce bai da ƙarfi. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane zubi. Kuma ka auna abin da ya kwanta kamar yadda kake auna abin da ya tashi. Misali, a ce bayan wanki kana shiga da kashi 18. In ka fito da 30 ka bar 6 a shara, ka tsira da kashi 83 na fosfet ɗinka. In ka matsa ka fito da 33 amma shara ta koma 11, kashi 58 kawai ka tsira da shi. Na biyun ya fi kyau a takarda, na farkon ya fi cika buhu. In ka samu haɗin da ya yi, ka maimaita shi sau biyar ko shida kana maido da ruwan zubin baya, domin a masana'anta ruwa zagayawa yake yi, sauran sabulu da kalsiyam suna taruwa. Cibiyar bunƙasa sarrafa ma'adinai da ƙarafa ta NMDC da ke Jos ita ce wurin da za ka nufa in aikin ya girmi teburinka.

Akwai wata hanyar da ban so ka manta da ita ba. Masu binciken aikin gona a Samaru ta Zariya sun daɗe suna gwada garin dutsen Sakkwato kai tsaye a gona, kuma irin wannan dutse na kwancen teku yakan narke a ƙasa mai ɗan tsami. Ka sa a auna yadda wankakken dutsenka ke narkewa a sitirik asid mai ƙarfin kashi 2, a duba kadmiyam da yuraniyam a lokaci guda, domin waɗannan a cikin jikin afatait suke, kumfa ba ta cire su. In ya narke da kyau, mai yiwuwa kasuwarka tana wajen manoman waken soya da masara, ba sai ka kai kashi 30 ba.

Shi kuma ɗan kasuwanka, ba na ce kayansa na bogi ba ne. Akwai sinadarai na musamman da suka yi suna, kamar dangin sakosin da ake ɗago afatait da shi a Siilinjärvi ta Finlan daga dutsen da P2O5 ɗinsa kusan kashi 4 ne kacal. Amma don wancan dutsen aka ƙera shi. Ka ce ya ba ka rabin lita da takardar da ke nuna dangin sinadarin da pH ɗin da yake aiki, ka gwada shi kafaɗa da kafaɗa da sabulun man gyadarka, a ruwan Dange, ka lissafa naira nawa kowanne ya ci a tan ɗaya na abin da ya fito. In ya ce sai dai ka ɗauki durom guda, ka ce masa za ka neme shi.

Wannan makon dai abin da za ka saya bai wuce rariyoyi huɗu da bokitai da takardar auna pH ba. Idan sakamakon rariya da na XRD da na ruwan sun fito, turo mini su tare, a takarda ɗaya.